Kunkurun da Ba a Turawa

Tun da na dawo daga Katagum ban ƙara shan shayina da zafinsa a ofishin malamai ba. Da na zauna sai a kewaye ni. Wai da gaske ne na kwanta a ƙarƙashin mota a bainar jama'a? Wai da gaske ne tafiyar awa biyu ta cinye mana kwana biyu? Malama Rifkatu mai koyar da lissafi ma cewa ta yi an gaya mata jakuna ne suka ja mu. Na gaji da maimaitawa, kuma duk wanda ya ji sai ya ƙara nasa gishirin, don haka ga labarin daga bakin mai shi. Na kwanta a ƙarƙashin mota, kuma ko gobe ta kama zan sake. Maganar jakuna dai ƙarya ce. Babu abin da ya ja motar nan, babu kuma hannun da ya tura ta har muka isa, kuma a kan wannan duk labarin yake.

Motar ta mahaifina ce, Malam Sale Direba, wanda ya yi shekara talatin yana tuƙa motocin hukuma. Irin ƙananan nan ce masu ƙusumbi da ake kira kunkuru, injinta a baya, tankin mai a gaba, ba ta shan ruwa sai iska. Ya saye ta ta hannu ina 'yar shekara tara. Sati biyu da sayenta ta mutu a tsakiyar kasuwar Azare, ina zaune a baya, aka taru aka tura mu har gida ana dariya. Bayan 'yan kwanaki sai ga wasiƙa daga garin Katagum, daga yayansa, Baffa Ado. Baba ajami yake karantawa, bokonsa iyakarsa lambar mota da allon hanya, don haka ni 'yar aji uku aka miƙa wa takardar. Na miƙe tsaye kamar a gaban hedimasta, na karanta masa cewa Baffa ya ji labari ya sayi motar turawa, wato wadda sai an sa mata hannu, kuma duk unguwa maganar da ake yi ke nan.

Baba ya ninke takardar. Ya ce wa falken da ya kawo ta ya gaya wa Yaya ya ji, kuma zai gani. Sannan ya rantse a gabanmu cewa ranar da zai sake taka ƙofar gidan Yaya, a cikin motar nan zai je, da ƙafarta, ba tare da hannun kowa ya taɓa bayanta ba. Da a makon ya tafi, da magana ta ƙare. Sai ya tsaya jiran a aiko da ban haƙuri, can kuma shiru. Shekara ashirin da takwas ke nan suna haɗuwa a gidajen rasuwa a wasu garuruwa, su gaisa kamar surukai, kowa ya kama gabansa. A cikin shekarun idon Baba ya tafi, ba ya ganin komai sai inuwa-inuwa, kunkuru kuma ta yi shekara goma sha ɗaya a ƙarƙashin rumfa kaji suna ƙwai a cikinta.

Ana cikin zafin bazarar nan Yaya Sani, babban ɗan Baffa, ya bugo mini waya. Ya ce ɓarin jikin Baffa ya shanye, kuma ba ya ambaton kowa sai Sale. Ƙannena da ke Kaduna suka ce za su turo mota mai sanyi. Maigidana ya ce ga tasa. Liman ya zo da kansa ya ce rantsuwa irin wannan karya ta ya fi lada, a ciyar da mutum goma shi ke nan. Baba ya ce tuwon mutum goma bai gagare shi ba, maganarsa ce ba za ta haɗiyu ba. Ni kuwa tsorona ɗaya ne, kada Baffa ya cika muna nan muna jayayya a kan mota. Na san halin mahaifina, don halina ne. Sai na ce to, a tashi kunkuru, ni zan tuƙa.

Oga Bulus rewaya, mai gyaran wutar mota, muka kira, mutumin kudancin Bauchi da ya daɗe a Azare har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ya zagaya motar sau biyu ya tambaya ko gidan tarihi za a kai ta. Kwana biyar ya yi a gidanmu. Ya sa sabon batir a mazauninsa ƙarƙashin kujerar baya, ya canza fulogi, aka wanke tanki aka fitar da tsatsa kusan cikin kwano. Baba yana zaune a kan kujera yana ba da umarni da kunne. Ni ma a nan aka sa ni makaranta. Baba ya ce mota abu uku take nema, abinci da wuta da mai tashinta daga barci. In ta yi tari, ta ja, ta mutu a hankali, yunwa ce, a bi hanyar mai. In ta ɗauke farat ɗaya kamar an hure fitila, a nemi wuta. In kuma aka murɗa makulli ta ƙi ko juyi, to tsakanin batir ne da kik, injin nan ƙarami da ke murza babban. Ya ce direban banza ne yake kwance kafireto don fulogi ya jiƙe. Ranar da ta tashi, da ƙararta irin ta keken ɗinki, na ga Baba ya juya fuska bango.

Mun fita ranar Asabar da hantsi. Maigidana ya so ya biyo mu a baya, Baba ya hana, ya ce mai bin baya jiran faɗuwa yake yi. Kafin mu fita gari 'yan acaɓa sun yi mana rakiya kamar amarya, suna ɗaga hannu suna kiran Baba da Baban kunkuru. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, har na ɗan ƙara taka totur.

Ba mu yi nisa da gari ba ta fara tari. Ta ja, ta saki, ta ja, sannan ta gangara gefen titi ta kwanta. Kafin in buɗe baki Baba ya ce yunwa ce. Kafin in buɗe ƙofa kuma 'yan acaɓa uku sun tsaya sun naɗe hannun riga, suna cewa Hajiya ki sa ta a giya biyu kawai. A ƙasar nan ba mu da maganin mota da ya wuce wannan, kuma da zuciya ɗaya ake ba da shi. Na yi musu godiya na ce wannan ba a tura ta. Ɗayansu ya tambaya ko ta aljanu ce. Na ce ta fi haka, ta tsoho ce.

Na ɗaure mayafina a ƙugu na buɗe bayanta. Na zare tiyon da ke kai mai kafireto, Baba ya lalubi makulli ya murɗa, ko ɗigo bai fito ba. Na cire 'yar matatar mai na ɗaga ta a rana, ta yi jawur da tsatsa. Na sa sabuwar da Oga Bulus ya ba mu, aka sake murɗawa, har yanzu a bushe. Baba ya ce to toshiyar tana can gaba, in hura tiyon da ke zuwa daga tanki. Aka kama hannunsa aka kai shi gaban mota, ya buɗe murfin tanki ya kara kunnensa. Na hura har idona ya yi ja. A karo na uku na ji abin ya sake, shi kuma daga can ya ɗaga hannu ya ce ya ji tana ɓulɓul. Abin da bai gaya mini ba shi ne in an hura sai a kauce. Fetur ya dawo mini har maƙogwaro. Na yini ina gyatsarsa, goro bai kashe shi ba, mangwaro ma bai yi ba. Amma ta tashi, kuma 'yan acaɓan nan sun tafa mini.

Duk tafiya tana da iyaka, tamu ma ta samu. A inda ƙaramar hukumarmu ta ƙare wasu masu karɓar haraji sun gindaya katako mai ƙusoshi. Na tsaya amma ban kashe mota ba, don na fara sanin hali. Babbansu ya leƙo ya tambaya daga ina, na ce daga Katagum. Ya ce zuwa ina, na ce Katagum. Ya kalle ni ya ce Hajiya da rana tsaka za a yi masa wasa da hankali? Alhali gaskiya na gaya masa, kuma ya sani. Mu na Azare ƙaramar hukumar Katagum muke, garin Katagum kuwa yana cikin Zaki. Sunan muka ɗauko muka baro musu garin. Ya ce a buɗe masa inji ya duba lamba. Na buɗe masa gaba, ya tarar da tayar safaya da buhun shinkafar da muka riƙo tsaraba. Ya daɗe yana kallo, ga mota tana ta ƙara, ga babu inji. Baba ya ce masa da addu'a take tafiya. Dariya ta hana su tambayar takardu, abin da ya yi mana daɗi, don takardunta sun girmi wasu daga cikinsu a aiki.

Bayan azahar, muna tafe lafiya har na fara lissafin za mu yi la'asar a gidan Baffa, sai ta ɗauke. Ba tari ba gargaɗi. Muka dubi juna, ko in ce na dube shi, muka ce wuta a tare. Kusa da wani ƙauye ne da ba zan faɗi sunansa ba, don mutanensa sun yi mana alheri kuma zan ba da labarin bokitinsu. Da suka ga mota ta tsaya da zafin nan, sai ga wani dattijo da bokiti cike da ruwa, yana neman inda zai ɗura mata. Ya duba gaba, ya duba baya. Na ce masa ba ta da lagireto, ba ta shan ruwa. Ya ce duk abin da ke tafiya a bazara yana shan ruwa, ni dai ban san wurin ba. Da ƙyar na ƙwaci injin. Da aka rasa wannan, sai aka koma ga magani na biyu, majiya ƙarfi suka jeru a bayanta. Baba ya ɗaga sandarsa ta taga ya ce duk wanda ya taɓa ta bai yafe ba. Suka ja da baya suna kallon tsohon da ya fi son zama a rana.

Na zare babbar wayar da ke fitowa daga kwayil, mai ba fulogi wuta, na riƙe ta kusa da ƙarfe, Baba ya murɗa makulli yana tambayata launin tartsatsin. Ya ce mai lafiya shuɗi ne, yana ƙara kamar an karya tsinke. Na ce wannan ja ne, kuma sai ya ga dama yake zuwa. Ya sa na buɗe murfin da wayoyin fulogi suke haɗuwa, na duba kwantak, wasu 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa kamar bakin tsuntsu. Sun ƙone sun yi baƙi. Ya ce in nemo kwalin ashana a aljihun gaban mota, in goge su da gefen da ake ƙyastawa, in kuma auna tazararsu da kaurin kwalin.

Ina laluben ashana hannuna ya ci karo da wata takarda a ninke, ta yi laushi kamar tsumma. Na gane ta kafin in buɗe. Rubutun mai rubuta wa mutane wasiƙa ne a bakin kasuwa, babu babban baƙi ko ɗaya daga sama har ƙasa. Ga abin da ke ciki bayan gaisuwa: na ji labari ka sayi motar turawa, duk unguwa maganar da ake yi ke nan, kai ne na farko a gidanmu, ina jiran ranar da za ka kawo ta mu gani.

Shekara goma sha huɗu ke nan ina koyar da Hausa. Kowace shekara sai na tsaya a gaban allo na gaya wa ɗalibai cewa rubutunmu na boko ba ya nuna hawa da saukar murya, sai mai karatu ya sa da bakinsa. Na karanta layin da murya a sama, turawa, aikin hannu, duk wasiƙar ta zama baƙar magana. Na sake karantawa da murya a ƙasa, Turawa, mutanen da a lokacin su aka sani da irin wannan mota, sai duk wasiƙar ta zama ta yayan da ke alfahari da ƙanensa. Yarinyar da aka tura a kasuwa kwana uku kafin nan, wace murya za ta zaɓa? Ban san wadda Baffa ya nufa ba, amma na san wadda na bayar. Baba ya tambaya ko ashanar ta ɓata ne. Na ce na samu, na soke takardar a jakata.

Gogewar ba ta yi magani ba. Wutar da ya kamata ta tafi fulogi sai tartsatsi take yi a bakin kwantak ɗin. Baba ya ce kondensa ce ta mutu, wani ɗan gwangwani da bai kai babban yatsa ba, kuma ba a gyara shi sai dai a canza. Waya ba ta kamawa a ƙauyen sai a kan wani suri a bayan masallaci, inda na tarar har an tattake hanya. Na hau na kira Oga Bulus. Ya ce shagunan kayan mota sun kusa rufewa, amma zai nema, mu sa ran ganinsa da safe. Na kira Yaya Sani, ya ce jikin Baffa da sauƙi-sauƙi, yau bai ci komai ba. Ya ce in taimaka in sa tsohon nan a motar haya. Na ce masa ya san wanda yake magana a kai.

Mai unguwa ne ya sauke mu, Baba a zaure, ni wurin matarsa Inna Dije. Gida ne da ake fara magana da Hausa a ƙarasa da Fulatanci, in an zo wurin da ba a so baƙo ya ji. Na kuwa ji, don kakata ta wajen uwa Bafulatana ce, kuma abin da suke cewa shi ne baƙuwar tana warin fetur. Da na amsa musu da harshen sai kunya ta kama su, aka ƙara mini man shanu a burabusko. Miyar busasshen kifi ce, irin wadda a Azare sai an yi baƙo na musamman. A can ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya ci ya sha, ba kamar mu ba da muke haɗa sannu da zuwa da lafiya dai ko. Sai da na ture kwano Inna Dije ta tambaya, na ba ta labarin rantsuwa ban da na takarda. Ta ce maza ke nan, an ce zumunta a ƙafa take, su sun mayar da ita a taya. Na yi dariya, amma barcin kirki ban yi ba.

Da sassafe sai ga Oga Bulus a bayan acaɓa, sanye da fararen kayansa na zuwa coci, kondensa a aljihun gaba kamar alƙalami. Ya ce a jikin wata matacciyar kunkuru ya ciro ta a bayan garejin wani abokinsa. Minti goma bai cika ba ya ɗaura, Baba ya murɗa, na ga shuɗin tartsatsi ya yi tsalle da ƙararsa. Oga Bulus ko fura bai tsaya sha ba, ya ce in ya yi sauri zai sami rabin wa'azi. Dattijon jiya ya zo sallama da bokitinsa, ko da za mu canza shawara.

Daga nan kunkuru ta yi tafiyar da ta tuna wa Baba ƙuruciya. Yana zaune yana kiran sunayen garuruwa kafin mu iso su, daga jin yadda hanya take lanƙwasa. Muna matsowa Katagum ƙasa ta canza, ga fadama, ga masu tallar kifi a bakin hanya. Shi kuma sai maganarsa ta ragu. Ya gyara hularsa ya fi sau biyar.

Kuskure na uku nawa ne, ba na mota ba. Mun shiga unguwar su Baffa, lungu mai yashi, wata akuya ta gifta, na taka birki na mance kuloci. Ta mutu. Daga inda muke ina hango zauren gidan, bai fi taku ɗari biyu ba. Na murɗa makulli, sai ƙas. Na sake, ƙas. Kafin ka ce kwabo unguwa ta fito, 'yan uwa da maƙwabta, Yaya Sani a gaba. Ya durƙusa ta taga ya gaida Baba, ya ce an fito da Baffa zaure tun safe yana jira, ya taimaka ya taka, ko kuma a ba su dama su gangara da ita, abin da bai fi ƙiftawar ido ba. Baba ya ce ya yi shekara ashirin da takwas, ba zai ɓata a taku ɗari biyu ba. Raina ya ɓaci ƙwarai a lokacin, har na buɗe jaka zan fito da takardar. Sai na ga in na faɗa a nan, zato ne kawai nake da shi, kuma tsohon da aka gaya wa ya yi fushin banza a gaban jama'a ba gaba zai yi ba, gida zai ce a mayar da shi.

Na danna oda, ta yi ƙara lafiya. Na kunna fitila aka ce ta kama fes. Baba ya ce to batir ya fita daga zargi, kik ne ya maƙale, tsufa ne da zafi. Ya ce yana ƙasa, bayan tayar baya ta hannun dama, a ƙwanƙwasa shi da sifana ana murɗa makulli, a hankali kamar ana sallama a gidan surukai. Samari biyu suka ce za su shiga, amma ba su san abin da za su nema ba, ni kuwa Oga Bulus ya nuna mini. Na cire giya, na ja birkin hannu, aka sa duwatsu a tayoyi. Aka zagayo da Baba kujerar direba. Na ce a ba ni tabarma. Wata gwaggona ta kama salati, ta ce matar aure, malamar makaranta. Na ce mata in an fito a yi mini faɗan gaba ɗaya. Na shige, na lalubo shi, na ce Baba murɗa. Na buga sau ɗaya, ƙas. Na biyu, ƙas. A na uku ya yi gurnani ya murza, injin ya kama a kan kaina, yashi da hayaƙi suka cika mini fuska.

Na fito na zagayo, Baba ya ƙi matsawa. Ya ce in zauna a gefe in zama idonsa. Na ce wa jama'a su dare, su kuma kama awakinsu. Ya sa giya ɗaya, ya saki kuloci yadda ko ruwa a kofi ba zai zube ba, abin da ni mai ido na kasa. Ina cewa dama kaɗan, miƙe, hannuna a gefen sitiyari, mutane suna biye hannuwansu a baya kamar masu rakiyar liman. Da na ce tsaya, ya tsaya daidai bakin zaure.

Baffa yana jingine da filo a kan katifa, ya rame har ban so na gane shi ba. Bakinsa ya karkace, amma maganar ta fito. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana nuna mota, yana dariya da rabin fuska.

"Ga ta nan. Ga motar Turawa."

Da murya a ƙasa ya faɗa. Ko ɗan aji ɗaya ba zai yi kuskurenta ba. Baba yana riƙe da ƙofar mota, ya tsaya cak.

"Yaya, motar me ka ce?"

"Ta Turawa mana. Irin ta likitan nan Bature. Har yanka na yi ranar da na ji, na aika maka takarda. Sai ka aiko mini wai zan gani. Na ce to, Sale ya yi mota, ya fi ƙarfinmu."

Ban jira a neme ni ba. Na durƙusa a tsakaninsu na fito da takardar, na ce ni na karanta ta, kuma ga yadda na karanta. Na sake karanta musu ita yadda aka faɗe ta. Kuka nake yi sosai, da baƙin mai a fuska, ina cewa su yafe mini. Baba ya lalubo katifar ya zauna, ya lalubo hannun yayansa ya riƙe. Ya ce yarinya ta yi kuskuren minti ɗaya, sauran shekarun shi da Yaya suka yi abinsu, don ko sau ɗaya a gidan rasuwa babu wanda ya buɗe baki ya tambayi ɗan uwansa. Sannan ya juyo inda yake jin shessheƙata ya tambaya ko har yanzu gwamnati tana biyana albashin koyar da Hausa. Baffa ya yi dariya har ta sarƙe shi. A ranar ya sha kunu kofi guda, Baba ne ya riƙe masa kofin.

Kwana huɗu muka yi. An ciyar da mu kifi har na daina jin fetur. Ranar da za mu taho Baffa ya ce shi fa an yi masa alkawarin gani, ya gani, saura hawa. Aka ɗauko shi aka zaunar a gaba, Baba a baya yana riƙe da kafaɗarsa, za mu zaga unguwa. Na murɗa makulli, sai ƙas. Na jawo sifana na ce a miƙo tabarma.

Baba ya ce in bar tabarmar mutane. Ya leƙa ta taga ya kira Yaya Sani da duk wanda ke kusa, ya ce su zo su sa hannu. Suka tsaya suna kallon juna, don sun ga yadda ya hana su ranar Lahadi. Ya ce da gaske yake. Na sa giya biyu, unguwa guda ta dafa bayan kunkuru, muka gangara, na saki kuloci ta kama. Baba ya sunkuyo kusa da kunnena yadda Baffa zai ji.

"To Malama, yanzu ko da wace murya kika karanta, kin ci."